Daga Jaki Zuwa Babur: Tarihin Haƙƙin Mayar Da Abin Hawa Mai Aibi A Ƙasar Kano

 

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, ko daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Kunchi da Tsanyawa, ya san irin wannan labari ko da bai faru a gidansu ba. Saurayi ya gaji da zaman rani, gonar gado kuwa an yi ta rabawa har abin da yake nomawa ba ya kai shi wata 4. Sai a sayar da bijimin da aka yi kiwo, a jinginar da wani yanki na gona, a haɗa da kuɗin adashen mahaifiyarsa, ya shiga birni ya sayo babur sabo dal. Mako 2 yana ɗaukar fasinja da buhuna zuwa kasuwa, sai inji ya fara hayaƙi yana mutuwa a hanya. Ya koma wurin dila, aka tura shi wurin makanikensu. Aka gyara, ya dawo gida, bayan kwana 5 babur ya sake tsayawa. Ya koma, aka ce kayan gyaran ba su iso daga Legas ba. A zuwa na 4 sai yaron shago ya nuna masa rubutun da ke ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa. A gida kuma dattawa su ce ya yi haƙuri, tsautsayi ne.

Haƙuri abu ne mai kyau. Amma shin da gaske wannan yaro ba shi da wani haƙƙi? Idan muka waiwaya baya za mu ga yana da shi, kuma kakansa da ya sayi jaki a kasuwar ƙauye ya fi shi sanin wannan haƙƙi.

Zamanin jaki da dillali

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma. Gona manne da gona, babu saura, kowace shekara sai an noma. Abin da ya riƙe wannan ƙasa har ba ta mutu ba shi ne taki, wanda ya kai takin gona kuwa jaki ne. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya rubuta yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da taki. Manomin da jakinsa ya kwanta da rani, gonarsa ce za ta nuna da kaka. Don haka sayen jaki ba wasa ba ne.

Mai saye yakan buɗe bakin jaki ya dubi haƙora don ya san shekarunsa, ya ɗaga kofato, ya cire akumari ya ga ko akwai miki a baya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Amma akwai aibin da ido ba ya gani a kasuwa: jakin da ba ya gani da dare, ko mai kwanciya da zarar an aza masa mangala, ko mai ciwon ciki da aka ɓoye. A nan ne amfanin dillali yake. La'adar da yake karɓa ba ta haɗa ciniki kawai ba ce. Ya san mai jakin, ya san ƙauyensu, ya san mai unguwarsu. Idan aibi ya bayyana, wurinsa za a koma, shi kuma ya nemo wanda ya sayar, domin mutuncinsa shi ne jarinsa. In abin ya gagara, a je wurin sarkin kasuwa ko dagaci. In ya sake gagara, sai gaban alƙali.

Alƙali kuma ba da ka yake yanke hukunci ba. Littattafan mazhabar Malikiyya da malamanmu suka daɗe suna karantarwa a zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, sun yi bayanin mayar da kaya saboda aibi dalla-dalla. Sharuɗɗan a fili suke. Aibin ya zama tsoho, wato yana nan tun kafin ciniki. Ya zama mai saye bai san da shi ba. Ya zama irin wanda ke rage daraja. Idan waɗannan suka cika, mai saye yana da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa.

Akwai wasu hukunce-hukunce a wannan babi da suka dace da matsalar babur kamar don ita aka rubuta su. Na farko, amfanin da mai saye ya ci kafin ya gano aibi nasa ne, ba zai biya haya ba, domin da dabbar ta mutu a lokacin shi ke da asara. Na biyu, idan wani sabon aibi ya same ta a hannunsa, yana iya riƙewa a rage masa kuɗin tsohon aibin, ko ya mayar ya biya na sabon. Na uku, idan mai sayarwa ya san da aibin ya ɓoye, dabbar kuma ta mutu ta dalilinsa, mai saye zai karɓi kuɗinsa cif. Na huɗu, a mashahurin zancen mazhaba, cewar mai sayarwa "ba ruwana da duk aibin da ya fito" ba ta kuɓutar da shi a cinikin dabba ko kaya. Wato rubutun ƙasan rasit ɗin nan, fiƙihu ya riga ya ba shi amsa ɗaruruwan shekaru kafin a buga rasit na farko a Kano.

Sai dai fiƙihu bai bar ƙofar a buɗe har abada ba. Wanda ya gano aibi ya ci gaba da hawa da lodi, an ɗauka ya yarda, sai fa matafiyin da ba shi da yadda zai yi. Wanda ya yi shiru ba uzuri, shirunsa na iya cinye haƙƙinsa. Mukhtasar ya ambaci kamar kwana 3 ga wanda ya sayi dabba da sharaɗin gwaji, malaman birnin Fas a Maroko kuma suka tafi a kan cewa dabbar hawa ba a mayar da ita don aibi bayan wata 1. Mu riƙe wannan magana ta lokaci, domin za mu sake cin karo da ita a kowace doka da ta biyo baya.

Bature ya zo da tasa dokar

Turawa sun ci Kano a 1903. Sun bar alƙalai a kan kujerunsu, amma suka kafa nasu kotunan, suka kuma shigo da dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu 1900. A cikinsu akwai Dokar Sayar Da Kaya ta 1893. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kuɗi suka shiga hannun manoma. A hankali keke ya shiga ƙauye, Raleigh ya zama abin alfaharin saurayi, lori kuma ya fara ɗaukar gyaɗa a hanyar Katsina da ta Daura.

Dokar 1893 ta ce idan ɗan kasuwa ya sayar da kayan da yake sana'a da su, dole su kai ingancin da za a iya sayarwa, kuma su yi aikin da mai saye ya bayyana cewa don shi ya saya. Kotun Ƙolin Najeriya ta nuna ƙarfin irin wannan haƙƙi a 1985, a shari'ar Ngonadi, wata 'yar kasuwa da firjin kananzir ya fashe ya ƙona ta. Kamfanin ya kare kansa da cewa ba shi ya ƙera ba, sayarwa kawai ya yi. Kotu ba ta karɓi wannan uzuri ba, ta tabbatar mata da diyya.

Amma dokar tana da ramuka biyu. Na farko, ta bar mai sayarwa ya rubuta sharaɗin da zai cire kansa daga alhaki, kamfanoni kuwa ba su yi sanya ba wajen cika takardunsu da ƙananan rubutu. Na biyu, wanda ya riƙe kaya ya wuce lokacin da kotu ke ganin ya isa a duba, an ɗauka ya karɓa, ba zai mayar ba, sai dai ya nemi diyya. A Ingila kanta an ga tsananin wannan a shari'ar Bernstein. Mutum ya sayi sabuwar mota, inji ya tsaya bayan kimanin mako 3 da tafiyar mil 140, alƙali ya ce lokacin mayarwa ya wuce. In haka ta faru da mutumin Landan mai lauya, ina ga manomin Makoɗa?

Babban canjin da ya same mu ma ba a takarda yake ba. Wanda ya sayar da jaki maƙwabci ne, ko maƙwabcin maƙwabci. Wanda ya ƙera keke ko lori yana ƙetaren teku, tsakaninsa da manomi akwai kamfani, akwai wakili, akwai ɗan kasuwar birni. Dillalin ƙauye ba shi da wanda zai kama a cikinsu.

Lori, bashi da ƙwace

Bayan haka sai ga cinikin biya sannu-sannu. Mutum ya ba da kafin alƙalami, a ba shi lori, ya riƙa biya wata-wata, mota ba ta zama tasa ba sai ya biya na ƙarshe. Masu sufuri da yawa sun biya kusan duka, mota ta lalace, biyan wata 1 ko 2 ya kuɓuce, kamfani ya zo ya ɗauke ta, kuɗin da aka zuba suka bi ruwa. Wannan ɓarna ce ta jawo dokar 1965 a kan irin wannan ciniki. Ta ce idan mai karɓar mota ya biya kashi 3 cikin 5 na kuɗin, mai ita ba zai ƙwace da hannunsa ba sai ta hanyar kotu. Gyaran da aka yi wa dokar a 1970 ya ba mai mota damar ɗauke ta ya ajiye idan biya 3 suka taru ba a yi ba, amma ajiya ce kafin kotu ta yi hukunci. Dokar ta kuma ɗora sharaɗin inganci a kan kayan da aka bayar, in ba tsofaffi ba ne da aka rubuta hakan a takarda.

Wannan doka tana nan. Yau matasa nawa ne a garuruwanmu ke tuƙa adaidaita sahu ko babur da aka ba su a kan su riƙa biya mako-mako? Nawa ne a cikinsu suka taɓa jin labarin kashi 3 cikin 5? Nawa ne ma suke da yarjejeniya a rubuce?

Daga Fijo zuwa 'yar Kwatano

A shekarun arzikin man fetur an fara harhaɗa motoci a gida. Kamfanin Peugeot ya fara fitar da mota a Kaduna a 1975, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, a nan Kano kuma aka kafa masana'antar manyan motocin Fiat. A wannan ɗan tsakani ne kalmar garanti ta yi ma'ana ga mai sayen mota: akwai dila da aka sani, akwai garejin kamfani, akwai littafin sabis. Sai dai motar ma'aikaci ce da attajiri. Talakan ƙauye fasinja ne.

Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta gagari har ma'aikaci. Kasuwa ta koma ta tsofaffin motocin Turai, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. A nan babu garanti ko na kwana 1. Ka zo da makanikenka, ya saurari inji, ya leƙa ƙasa, in ka biya ka fita shi ke nan. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama, amma mai sayen tsohuwar mota kusan abin da yake yi ke nan, domin abin da ke cikin inji mai sayarwa ne kaɗai ya sani. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin wannan a 1970: idan mai saye ba zai iya bambance mota mai kyau da ruɓaɓɓiya ba, zai taya kowace da arha, masu kyawawan su janye, kasuwa ta cika da ruɓaɓɓu. Wannan nazari na cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. Dillalan kasuwar dabbobi sun daɗe da gane matsalar, maganinta ne ma sana'arsu.

Abin da ya sa talakan karkara ya mallaki inji da kansa shi ne babur mai arha daga Sin da Indiya, irin su Jincheng da Bajaj. Shi ya gaji jaki a kan turbobin da mota ba ta shiga: buhun gero zuwa Dawanau, taki zuwa gona, mai naƙuda zuwa asibiti. A birni gwamnati ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, adaidaita sahu ya cika tituna. A ƙauye kuwa babur bai da magaji. Kuma yana zuwa da wata sabuwar rigima: sau da yawa a kwali yake isowa, a haɗa shi a bakin shago. In ya lalace, dila ya ce laifin mai haɗi ne, mai haɗi ya ce daga kamfani ne, su duka biyun su ce mai shi ne bai canja baƙin mai a kan kari ba.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Amurkawa suna kiran motar da ta ƙi gyaruwa lemun tsami. Su ma sun sha irin yawon nan tsakanin gida da gareji, domin garanti alƙawarin gyara ne kawai, bai faɗi sau nawa za a gyara ba. A 1975 majalisarsu ta yi dokar Magnuson-Moss a kan takardun garanti. A 1982 jihar Connecticut ta zama ta farko da ta yanka wa gyara iyaka: idan an gwada gyara aibi guda sau 4 bai tafi ba, ko mota ta yi jimillar kwana 30 a gareji, kamfani ya canja ta ko ya mayar da kuɗi. Sauran jihohi suka bi sahu. Birtaniya a 2015 ta ba mai saye kwana 30 na mayarwa kai tsaye, bayan nan kuma in an gyara sau 1 bai yi ba, yana iya mayarwa. Afirka ta Kudu, a dokarta ta 2008, ta ba da wata 6. Hikimar duka ɗaya ce: a hana mai sayarwa jan mutum da "kawo mu gyara" har lokaci ya ƙure.

Dokar da muke da ita yau

A Najeriya an yi dokar soja mai lamba 66 a 1992 wadda ta kafa majalisar kare masu sayen kaya, amma sai 1999 ta fara aiki. An maye gurbinta da dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kuma haifar da hukumar FCCPC da kotu ta musamman. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu sayen kayayyaki.

Ga abin da ya shafi saurayinmu. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin samun kaya masu inganci, masu aiki, marasa aibi. Sashe na 132 ya ce a cikin wata 3 daga ranar da aka miƙa masa kaya, yana iya mayar da su ga wanda ya sayar in ba su cika wannan sharaɗi ba, ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwa a kan mai sayarwa take. Shi kuma dole ya gyara, ko ya canja, ko ya mayar da kuɗi. Wannan garanti ne na doka, yana nan ko dila ya ba da takarda ko bai bayar ba. Sashe na 145 ya ce idan aka yi zargin aibi, mai sayarwa ne zai kawo hujjar cewa kayansa lafiya suke. Hukumar kuma ta sha bayyana cewa rubuta "ba a mayarwa" ba ya soke haƙƙin da doka ta bayar. Mai ƙorafi yana iya zuwa hukuma, yana kuma iya zuwa kotu kai tsaye. Ga Musulmi biyu da suka yi ciniki a Kano, kotun shari'ar Musulunci ma tana nan, da babin aibin da muka ambata.

Gibin da ya rage shi ne dokarmu ba ta ƙidaya gyara irin na Connecticut ba. Don haka dabarar "dawo jibi" tana da haɗari: zuwa 3 ko 4 tsakanin Kunchi da birni sun isa su cinye wata 3.

Abin da ya ɓace mana

Idan muka jera waɗannan zamunna, za mu ga haƙƙin bai taɓa gushewa ba. Fiƙihu ya ba da shi, dokar Bature ta ba da shi da rowa, dokar 2018 ta dawo da shi da faɗi. Abin da ya ɓace shi ne shaida. Kakanmu yana da dillali da ya ga ciniki, ya ji abin da aka faɗa, kuma zai tsaya gaban alƙali. Jikansa yakan fito daga shago da rasit marar lambar inji, wani lokaci ma da sunan wani aka rubuta. In babur ya tsaya, sai ya kai wa makaniken garinsu ya buɗe inji, gobe dila ya ce hannun wani ya shiga, ba ruwansa.

Saboda haka aikin dillalin da, yanzu takarda ce za ta yi shi. Rasit ya ɗauki sunan mai saye, ranar ciniki, lambar inji da ta jiki. A je da mutum biyu da za su iya shaida. Ranar da aibi ya fito a daina lodi, kamar yadda fiƙihu ya ce a sauka daga kan dabbar, a ɗauki hoto da bidiyo a waya, a sanar da dila ta saƙon da zai zauna. Kada a buɗe inji a gida. Kowane gyara a rubuta ranar kaiwa da ranar karɓowa. In an gyara sau 2 aibin ya dawo, a nemi canji ko kuɗi a rubuce tun wata 3 ba su cika ba, in an ƙi a kai ƙara hukuma. Wanda kuma ya karɓi adaidaita ko babur a kan biya sannu-sannu, ya sa a rubuta jimillar kuɗin, da wanda zai ɗauki nauyin gyaran aibin kamfani, ya ajiye shaidar kowane biya.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan babur guda? To, a ƙasar da gona ta yi ƙaranci, babur ɗin nan bijimi ne da adashe da yankin gonar da ke hannun mai jingina. In ya kwanta a zaure ƙura ta rufe shi, damina za ta zo ta sami gonar a hannun wani. Mu da Allah ya ba karatu, a kowane gari akwai irin wannan saurayi kusa da mu, kuma karanta masa rasit kafin ya biya ba zai ɗauke mu minti 5 ba.

Allah ya sa mu dace.